Alamun da Na Jera wa Malam

Litinin, 2 ga wata, da hantsi

Hukumar tallafi ta aiko. Ranar Alhamis ta ƙarshen wata wakiliyarsu za ta zo duba mu, ni da Malam, jagorana.

Ba wani sabon abu ba ne. Duk wanda gwamnati ta ba tallafin masu tasowa a binciken ƙwaƙwalwa, in ya kai tsakiyar wa'adinsa sai an zo an gan shi ido da ido, an zauna da jagoransa an ji inda aka kwana. Na san da zuwan tun ranar da na sa hannu. To me ya sa na ɓarar da shayi a tebur?

Littafin nan don rubuta nauyin ɓeraye na saye shi. Ga shi na buɗe shi da abin da ba nauyin ɓera ba.

Litinin, bayan azahar

Mun haɗu da Malam a matattakala, ya ce, "Sannu, Dakta."

Tun ina ɗalibarsa Uwar Ɓeraye yake kirana, a gaban ɗalibai, a gaban baƙi, har a gaban mijina. Dakta kuwa da shi yake gaida mutumin da ya tare shi a wurin taro bai gane shi ba. Na sha tsayawa a gefensa ina danne dariya in ya yi wa wani hakan. Yau ni aka yi wa, har da murmushin da yake yi wa baƙi.

Gajiya ce. Kowa yana gajiya.

Talata, 3 ga wata, da yamma

Na sake karanta ƙa'idojin tallafin, alhali ko daga barci aka tashe ni zan kawo su. Tallafin da sunana yake, amma a wuyan jagora aka rataye shi. Dole jagoran ya kasance yana bakin aiki, da lafiyarsa, yana biye da binciken. In ya ga ba zai iya ba, shi da bakinsa zai faɗa, ya miƙa ni ga wani farfesa, aiki ya ci gaba ba tsaiko. In kuwa su suka gano da kansu cewa an ɓoye musu, sai su soke. Ni kuma bana ce shekarata ta ƙarshe cikin masu tasowa. Baɗi na tsufa a idon gwamnati, ba ni da damar sake nema, ko da kuwa har yanzu Umma ba ta yarda in tsallaka titi ba addu'a.

In aka soke, gidan dabbobi ba ya ciyar da ɓeran da ba shi da tallafi. Shekara biyu ina renonsu ina jira su tsufa, don tsufan nake bincike. Yanzu ne suka kai. A wuni ɗaya za a gama da su.

Shi da bakinsa, in ji ƙa'ida. To wa zai sa masa maganar a baki? Kuma farfesan da zai iya karɓata a duk ginin nan mutum ɗaya ne, Dogo na hawa na uku, wanda rabonsu da gaisawa da Malam tun kafin in shigo jami'a. An ce a kan wani bincike suka ɓata, kowa yana cewa shi ya fara ganin abin. Ko sunansa aka ambata Malam sai ya kaɗe rigarsa.

Laraba, 4 ga wata, da safe

Ranar baho.

Bahon ya kusa cike ɗakin. Muna tara masa ruwa mu zuba madarar gari har ya yi fari fat, kada ɓera ya hangi ƙasa. A gefe guda akwai ɗan dandamali ɓoye a ƙarƙashin ruwan, muna ce masa tsibiri. A bangon ɗakin kuma mun manna alamu: baƙin tauraro, jar da'ira, da wasu layuka masu ratsi. Ɓera ba ya ganin tsibirin, alamun yake kallo ya tuna inda yake. Matashi cikin 'yan kwanaki ya haddace, kana sakinsa ya miƙe kamar wanda aka aika. Tsoho kuwa sai ya yi ta bin bango yana zagaye.

An hana mu raɗa musu suna, amma akwai wanda nake ce wa Sarkin Ruwa, don da ƙuruciyarsa babu mai kamo shi. Yau ya bi bango har lokaci ya cika. Na yi yadda Malam ya koya mini: in minti ya cika bai samu ba, a sa hannu a kai shi, a bar shi ya huta a kai, sannan a goge shi da tawul. "Ba a barin dattijo ya sha ruwa a gabanki," haka yake cewa. Yana da wata maganar kuma da ɗalibai suke kwaikwayonsa da ita in ba ya nan: "Kada alamu su ruɗe ki. In kina son gaskiyar ɓera, cire alamun."

Zuciyar Sarkin Ruwa tana bugawa a tafin hannuna, tawa ma haka.

Alhamis, 5 ga wata, bayan la'asar

Na hango Malam ta tagar ɗakin gwaji, a wurin ajiye motoci. Jaka a hannu, makulli a ɗaya hannun. Ya bi layin farko har ƙarshe, ya juyo ya bi na biyu, ya koma na farko. Motarsa tana wurin bakanike tun makon jiya. Ni na bi shi a baya na dawo da shi.

Ban sauka ba. Abin da na yi shi ne na duba agogo. Allah ya yafe mini, agogo na duba, kamar yadda nake yi a bakin baho. Sai da matarsa ta shigo da tata motar ta yi masa hon, sannan na ga ashe hannuna yana kan maɓallin tsayar da lokaci.

Juma'a, da safe

Ba zan rubuta sunan abin ba. Na koyar da shi a aji, na zana shi a allo, amma ba zan rubuta shi a nan ba.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Ina yi wa Auta kitso na tsaya a tsakiya, ban san na tsaya ba, sai da ta ce, "Mama, kaina ya gaji da jira." Babanta yana gefe yana duba takardun jarrabawar ɗalibansa. Sarkin Sanyi nake ce masa, mutumin da ko gobara ta tashi sai ya nemi takalminsa tukuna.

Ya ce, "Madam, ɓerayen ne ko mai ɓerayen?"

Na ce babu komai.

"Babu komai ɗin nan fa kwana biyar ke nan yana hana mu cin abinci mai gishiri."

Na tura Auta waje na faɗa masa, ba duka ba. Ya ajiye biro ya ce, "To ki gaya masa mana."

"In ce masa me? Malam, abin da ka ƙare rayuwarka kana nema a kan ɓera ya shigo naka kan? Mutumin da ya tsaya mini lokacin da kowa ke cewa mai goyo ba za ta iya ba?"

"To ki gaya wa Hukuma."

"Ta bayan idonsa?"

Ya ce, "Ni dai lissafi na sani. Ramin ƙarya ƙurarre ne." Na ce na gode da sabon labari. Na ji haushinsa har rana ta faɗi, saboda gaskiya ya faɗa.

Litinin, 9 ga wata, bayan azahar

Zamanmu na mako da Malam. Yana ganina ya ce, "Uwar Ɓeraye, 'ya'yan sun karya?" Na ji kamar in zauna a ƙasa don sanyin da ya ratsa ni. Ya duba zanen sakamakona, kallo ɗaya ya sa yatsa a kan kuskuren da na yi mako biyu ban gani ba. Ya yi mini tsiya son ransa. Lafiyarsa ƙalau. Ƙila ni ce nake ganin abin da babu, wanda ya wuni yana kallon tsofaffin ɓeraye kowa ma bin bango zai ga yana yi.

Da na miƙe zan fita ya ce, "Af, yaushe ne mutanen Hukumar nan za su zo?" Na faɗa masa. Na kai bakin ƙofa ya ce, "Af, yaushe ne mutanen Hukumar nan za su zo?" Murya ɗaya, ɗaga gira ɗaya.

Na faɗa masa.

Talata, 10 ga wata, da yamma

Matar Malam ta kira ni cikin motarta. Mama nake ce mata, a gidanta na yi rabin karatuna. Ta ɗage gilasai, ta bar injin yana aiki.

"'Yata, ke ma kin gani ko?"

"Ganin me, Mama?"

Ta kalle ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Sai ta fara magana tana kallon sitiyari. Ta ce kullum da asuba yake goge takalminsa da kansa, ya ɗauki jaka, ya tsaya a ƙofa yana jiranta. A gida yakan tambaye ta inda banɗaki yake, amma in aka ce ofis ko ido rufe zai kai kansa. "Aikin nan ne igiyar da ta riƙe shi. Ranar da aka ce ya zauna a gida, ranar zan rasa shi. Ki rufa mana asiri zuwa ƙarshen shekara, kin ji? Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Na ce to. Ban san na ce to ba sai da na ji kalmar a kunnena.

Gaba kura, baya sayaki. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai.

Laraba, 11 ga wata, da sassafe

Na riga kowa zuwa. Ina da makullin ofishin Malam.

A bangon da yake fuskanta in ya zauna, daga dama, na rataye hoton yankin ƙwaƙwalwar da muke bincike, wanda aka rina shuɗi. Daga hagu na manna zanen tsofaffin ɓeraye da matasa, layi biyu, ɗaya yana sauka ɗaya yana jan ƙafa. Kusa da ƙofa na sa hoton bahon. A kan tebur, jikin jan kofinsa, na jingina hotonmu na bara, ina riƙe da keji, an rubuta a ƙasa da alli: Uwar Ɓeraye da iyalanta.

Wakiliya tambayoyinta sanannu ne, kowa da aka duba ya faɗa mini. Me ake bincike, me aka samu, me ya rage, yaya mai tallafin take. Dama, hagu, ƙofa, tebur.

Da ya shigo ya tsaya yana kallo. Na ce kwalliya na yi wa ofishin saboda baƙi. Ya ce, "Hmm. Ya yi kyau."

Alhamis, da hantsi

Shayi da Malam. Na yi masa tambayoyin a jere, cikin hira, kamar ni ce na manta. Biyu ya samu.

Juma'a, da hantsi

Biyu.

Litinin, 16 ga wata, da hantsi

Uku. Idonsa yana zuwa dama da kansa kafin ya buɗe baki. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, irin daɗin da nake ji in ɓera ya miƙe zuwa tsibiri. Na koma ɗakin gwaji na kama kaina ina zana masa layin ci gaba a cikin kaina. Na shiga banɗaki na yi amai.

Talata, 17 ga wata, bayan azahar

Na nemi Malam ban gan shi ba, ofis a buɗe, jaka a kan kujera. Na duba ɗakin karatu, na duba wurin motoci. A ƙarshe a hawa na uku na same shi, a layin ofishin Dogo, wurin da ko da kuskure ba ya takawa. Fuskarsa a murtuke kamar wanda ya haɗiye magani mai ɗaci.

"Malam, me kake yi a nan?"

"Iska nake sha. An hana ne?"

Na biyo shi muka sauko. Yanzu har hawan bene ya fara rikice masa. In Dogo ya gan shi fa?

Laraba, da yamma

Umma ta kira ta ce muryata ba ta yi mata ba. Na ce mura ce. Ta ce murar da ke sa mutum ya amsa sallama sau biyu ba ta taɓa jin ta ba.

Alhamis, 19 ga wata, bayan la'asar

Dogo ya tsayar da ni a bakin ɗakin ɓeraye. Shekaru muna wucewa ba ya ko ɗaga kai, yau ya sunkuyo daga can samansa ya ce, "Yaya tsofaffin naki? Suna cin abinci?" Na ce suna ci. Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya gyaɗa kai ya wuce.

Ya sani. Babu shakka ya sani. Mutumin da ya jira shekara da shekaru ya ga bayan Malam, ga shi an kawo masa har gida. Kalma ɗaya zai faɗa wa wakiliya, shi ke nan, ni da ɓerayena da Malam an naɗe mu a tabarma guda.

Ban iya cin komai ba.

Juma'a, da hantsi

Huɗu cif. Dama, hagu, ƙofa, tebur. Har ya ƙara da barkwanci. Da ya gama ya daɗe yana kallona ta saman gilashinsa, ya ce, "Kin iya aikinki." Ban san me yake nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Litinin, 23 ga wata, da safe

Hawa na uku kuma. Mai shara ce ta ce ta ga Malam can.

Talata, 24 ga wata, da azahar

An sauya ɗaki.

Sakatariyar sashe ta leƙo ta ce zaman Alhamis ba a ofishin Malam za a yi ba, a ɗakin taro na sama za a yi. Ɗakin nan farin bango ne ta ko'ina, ko kalanda babu. Na ce wa ya sauya? Ta ce ita dai haka aka ce ta faɗa. Na ce ko zan iya kai wasu hotuna in manna, don baƙuwa ta ga aikin? Ta ce an yi sabon fenti, an hana ko ƙusa.

Dogo ne. Wa kuma zai san abin da farin bango yake yi?

Ni da na koyar da wannan. Ɗalibin shekarar farko ma ya san in ka horar da ɓera a ɗaki ɗaya ka kai shi wani, ka koma farko. Mako biyu ina gina abin da sakatariya ta rushe da jimla ɗaya, ko sau ɗaya ban yi tunanin a ce wani ɗakin ba.

Laraba, da yamma

Na shiga wurin ɓerayen na zauna a ƙasa tsakanin kejuna. Sarkin Ruwa yana barci, ya cusa hanci cikin dusa. Ban san me zan ce musu ba.

Sarkin Sanyi ya goge mini kayan gobe ba tare da na roƙe shi ba. Ya ce, "Rana ba ta ƙarya." Na ce ya ƙarasa mana, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, ai ni ce uwar. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Alhamis, 26 ga wata, bayan la'asar

Bari in rubuta shi yadda ya faru.

Wakiliyar mace ce mai sanyin murya, da ɗan ƙaramin gilashi da jan biro. Ta fara da ni, na amsa, ban san me na ce ba. Sai ta juya ta ce, "Farfesa, a taƙaice, me binciken nan yake nema?"

Malam ya gyara zama ya kalli dama. Fari. Ya kalli hagu. Fari. Ya kalli ƙofa, ya kalli tebur, babu komai sai robar ruwa. Na ga yatsunsa suna lalube a gefen teburin, inda kofinsa yake zama. Ɗakin ya yi tsit har ina jin fanka tana haɗiyar iska. Na buɗe baki zan tare, sai ya ɗaga hannu ba tare da ya kalle ni ba.

"Uwar Ɓeraye, minti bai cika ba."

Na rufe bakina. Ya ƙara kallon bangon, a hankali, kusurwa zuwa kusurwa. Zufa ta tsattsafo masa a goshi. Wakiliya ta ajiye biro.

Sai aka ƙwanƙwasa, Dogo ya sunkuyo ya shigo. Na ce a raina shi ke nan, ga mai yanka ya iso. Amma bai kalli wakiliya ba. Ya tsaya a gaban Malam ya ce, "Ka ce in shigo in tsaya inda za ka gan ni."

Malam ya dube shi, ya daɗe. Na ga fuskarsa tana dawowa kamar yadda ruwa ke kwanciya a baho.

"Yauwa," ya ce. "Ga tawa alamar ta iso."

Ya juya ga wakiliya ya miƙe zaune. Ya ce, "Baiwar Allah, kin ga abin da kika gani. Ni na sa aka kawo mu ɗakin nan, ina so in gwada kaina a inda babu mai taimakona, kuma na faɗi. Ba zan iya ci gaba da jagorancin yarinyar nan ba. Na miƙa ta ga wannan dogon, ba don ina ƙaunarsa ba, sai don bayan ni babu wanda ya san aikin kamarsa." Dogo ya ce, "Kafin kai dai." Malam ya ce, "Kin ji irin halin nasa."

Babu wanda ya yi dariya. Wakiliya ta ɗauki biro ta juyo gare ni. "Dakta, ke tun yaushe kika lura?"

Kafin in haɗa kalma Malam ya ce, "Ƙa'idarku cewa ta yi jagora ya faɗa da bakinsa. Ni ne jagoran, ga bakin, ga shi na faɗa. Ita ɓeraye aka ba ta ta duba, ba ni ba."

Ta daɗe tana rubutu. Ta ce za ta kai wa Hukuma, za mu ji.

A matattakala Malam ya riƙe ƙarfen bene ya tsaya. Ya ce, "Dama, hagu, ƙofa, tebur. Ni za ki jera wa alamu? Wanzami ba ya son jarfa, amma ai ya san ta in ya gani." Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Jerin ya yi kyau. Da na bar ki, da mun ci. Shi ya ba ni tsoro."

Juma'a, da safe

Mama ba ta ɗaga wayata.

Asabar

Shiru.

Litinin, 30 ga wata, da yamma

Shiru daga Hukuma, shiru daga Mama. Duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Tambayar nan ta wakiliya tana bina har kicin: tun yaushe kika lura? In ta koma ta yi tunani fa? In ta tambayi sakatariya zancen hotuna fa?

Laraba, 2 ga sabon wata, da hantsi

Sun amince. Tallafi ya ci gaba a ƙarƙashin Dogo, ba tsaiko. Na karanta saƙon a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na jira in ji murna, ba ta zo ba.

Na hau sama in yi wa Dogo godiya. Ofishinsa ƙamshin kofi da tsofaffin takardu. Bai ce in zauna ba, shi ma bai zauna ba, yana kallon taga ya ce, "Sau uku ya zo."

Na ce ban gane ba.

"Malaminki. Ya ƙwanƙwasa, ya tsaya a nan inda kike, ya ce ya san ba na son ganinsa, amma ya zo roƙo. Ya ba ni haƙuri a kan abin da ya wuce, ya ce in karɓe ki. Na ce na karɓa. Bayan kwana biyu ya dawo, ya tsaya a wurin, ya faro daga farko. Bai san ya zo ba. Kowane zuwa sai ya haɗiye girman kan nan nasa sabo fil, ina kallo yana wuce masa a maƙogwaro."

Na ce, "Ba ka gaya masa ya riga ya zo ba?"

Ya ce, "A'a. Kowane zuwa na ce masa to." Ya cire gilashi yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. "Gobe ki kawo mini sakamakon tsofaffin. Kuma ba na son latti."

Ni kuwa da na gan shi a layin nan na ce ɓata ya yi.

Alhamis, da azahar

Na cire hotunan ofishin. Na bar na kan tebur, Mama ta aiko direba ya kwashe da sauran kaya. Ba ta aiko da saƙo ba. Ba na ganin laifinta.

Litinin, 7 ga wata, da hantsi

Ina bakin baho, Sarkin Ruwa yana kan tsibiri yana huci, sai na ɗaga kai na kalli taga.

Malam yana wurin motoci. Takalmi a goge, jaka a hannu. Ban san yadda ya zo ba, ƙila tasi ya hau Mama tana wanka. Ya tsaya yana kallon ginin, ƙofa uku ne a gabansa, ya nufi ta farko ya dawo, ya nufi ta biyu ya dawo.

Agogon yana wuyana. Na cire shi na ajiye a kan tebur, na naɗe Sarkin Ruwa a tawul na mayar da shi keji, na sauka da gudu har ina tsallake matakala.

Na ce, "Malam, ina kwana. Kawo jakar."

Ya miƙo mini, ya yi murmushin nan. Na kira Mama, wannan karon ta ɗaga tun ƙarar farko. Na ce yana wurina, lafiyarsa ƙalau, ta taho a hankali. Na kai shi benci a inuwa muka zauna. Ya tambaye ni ko a nan nake aiki, na ce e. Ya ce me nake yi, na ce tsofaffin ɓeraye nake koya wa hanya.

"Aiki mai kyau," ya ce. "In ɗaya ya rasa hanya, kada ki bar shi ya sha ruwa."

Na ce ba zan bari ba.

Da motar Mama ta shigo na riƙe hannunsa har bakin ƙofa, na sa masa jakar a cinya. Ya leƙo ta gilashi ya ce, "Na gode, Dakta."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam."